Kai 'Yan Aji Biyar Kallon Sama: Yadda Shirin Ke Tafiya

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Shugaban makaranta ya sa hannu yau da safe. An amince mu fitar da 'yan aji biyar bayan gari da yamma, su ga wata da taurari ta madubin hangen nesa. Mun tsayar da Laraba, 5 ga Fabrairu.

Ba da ka muka zaɓi ranar ba. Wasu abokan aiki sun so a bari sai wata ya cika, don a samu haske, yara kuma su gan shi da girmansa. Na roƙe su kada mu yi haka. Cikakken wata rana ce ke haska shi gaba da gaba, babu inuwa ko ɗaya a jikinsa, in ka leƙa shi ta madubi sai ya kashe maka ido, ramuka da duwatsu duk sun baje. A daren da yake rabi kuwa hasken rana ta gefe yake zuwa masa, kowane dutse ya ja doguwar inuwa, kowane rami ya fito da zurfinsa. Ga wani dalilin kuma: rabin wata na farko yana can sama tun kafin rana ta faɗi, ba a jiran fitowarsa, kuma 'yan shekara goma ba a tsare su a fili har tsakar dare.

Bana sama ta yi mana karamci. Da magariba Zara da Zuhal suna yamma, Jufita tana sama kusa da Kaza da 'Ya'yanta, Mas tana tasowa daga gabas. Duniyoyi huɗu a yamma ɗaya, duk ido na ganinsu.

Sharaɗi ɗaya na kafa wa ajin: babu mai sa ido a madubi sai ya yi wata guda yana ɗaga kai. Kowane yaro abin da zai samu a bakin madubi bai fi rabin minti ba. Wanda bai taɓa lura da wata ba zai leƙa, ya ce "kai!", ya wuce, washegari ya manta. Wanda ya yi makonni yana bin sa zai zo da tambaya a baki, rabin mintin kuma ya ishe shi. Don haka na raba ƙananan littattafai. Kullum da magariba yaro zai rubuta kwanan wata da lokaci, ya zana siffar wata yadda ya gan shi, ya faɗi ɓangaren da yake, ya auna tsayinsa daga ƙasa da dunƙulen hannu. In ka miƙe hannu ka dunƙule, faɗin dunƙulen kimanin digiri 10 ne, ga yaro da babba kusan duk ɗaya, domin mai ƙaramin hannu gajeren dantse gare shi. Yau wata rabi ne. Ranar tafiya zai sake zama rabi, sun bi shi zagaye ɗaya cif ke nan.

Alhamis, 9 ga Janairu

An samu fili. Tafiyar kusan rabin awa ce a bas, ƙasar a baje take, mota na shiga har ciki, kuma akwai makewayi a ginin da ke gefe. Abin da ya fi gamsar da ni shi ne yamma a buɗe take, ba gini ba dogayen itatuwa, don Zuhal da wuri take sauka. Fitila ɗaya ce matsala, a jikin ginin, masu wurin kuma sun yi alkawarin kashe ta na awa biyu.

Talata, 14 ga Janairu

Na karɓi littattafan na duba. Wasu zanen kamar da awo aka yi shi, wasu kuma da'ira ce kawai da aka cike da fensir, amma kusan kowa ya kama abu biyu ba tare da na faɗa ba: wata na ƙara ƙiba, kuma in ka duba shi a lokaci ɗaya kullum, yana matsawa gabas da abin da ya ɗan fi dunƙule ɗaya. Daidai ne, kimanin digiri 13 yake ci a kwana. Jiya ya cika, kuma da yawansu sun zana wani jan tauraro a ƙasansa. Mas ce. Shekaranjiya ta zo mafi kusa da mu a wannan zagayen, kimanin kilomita miliyan 96, shi ya sa take haske haka.

Na tambaye su me ya rufe rabin wata a makon jiya. Mafi yawa suka ce inuwar duniya. Wasu suka ce girgije. Wani yaro ya ce wata kumbura yake yi yana sacewa. Ban gyara wa kowa ba. Na rubuta amsoshin duka a kwali na manna a bango, na ce su zauna nan sai mun kama mai gaskiya. Manya da yawa ma inuwar duniya suke zato, alhali ba ta faɗawa kan wata sai a husufi, husufin wata kuma ba ya yiwuwa sai wata ya cika. Na san in na faɗa musu yau za su haddace su rubuta mini a jarrabawa, a ransu kuwa tsohon zaton na nan daram.

Alhamis, 16 ga Janairu

Taron iyaye. Ɗakin ya cika, abin da ya faranta mini rai ƙwarai. Tambayoyin farko na tsaro ne: sanyi, ƙwari da macizai, lokacin dawowa, wa zai riƙe wa. Muka tsaya a kan babba ɗaya ga kowane yara biyar, takalmi rufaffe, rigar sanyi, akwatin taimakon gaggawa, da ƙirga yara a shiga mota, a sauka, da kafin tashi. Ba yaron da zai shiga bas ba takardar amincewa mai sa hannun iyaye.

Sai wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, wannan ilimin taurarin, ba irin na masu duba ba ne?" Na ji daɗi da ya tambaya a fili, don na san ba shi kaɗai ke da ita a rai ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, mai duba cewa yake tauraro na faɗin abin da zai sami mutum. Mu awo za mu yi: nisa nawa, girma nawa, yaushe yake fitowa, yaushe yake faɗuwa. Duk abin da na faɗa wa yaro, yana iya fita waje ya gwada, in ba haka ba ne ya dawo ya ƙaryata ni." Ya gyaɗa kai, daga baya ma ya sa sunansa cikin masu rakiya.

Abin da ya fi wuyar shiga shi ne maganar haske. Ido na buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu sosai, farin haske na daƙiƙa kaɗan kuma ya mayar da shi baya. Jan haske mai rauni ba ya yin wannan ɓarna. Saboda haka kowace tocila za a rufe bakinta da jar leda a ɗaure da roba, wayoyi kuma su zauna a aljihu. Iyaye sun so ɗaukar hoto, na fahimce su. Muka yi sulhu: hoto kafin rana ta faɗi, da kuma bayan an rufe madubi.

Litinin, 20 ga Janairu

Aikin ƙarshen mako shi ne su duba yamma ranar Asabar, lokacin da Zara da Zuhal suka fi kusantar juna. Tazararsu ba ta fi faɗin babban yatsa ba sosai in an miƙe hannu. Wata yarinya ta rubuta cewa sun kusa karo. Na bar wannan ma sai ranar Alhamis, don Zuhal ta ninka Zara nisa daga gare mu fiye da sau 15, layi ɗaya kawai suka hau a idonmu.

Amma ƙorafin da suka zo da shi yau daban ne: wata ya ɓata. Shafi uku, huɗu, a littattafansu ba komai sai "ban gan shi ba." Kullum yana jinkirin fitowa da kimanin minti 50, yanzu sai wajen tsakar dare yake fitowa, su kuwa sun yi barci. Ana tsaka da taron safe sai wani yaro ya yi ihu yana nuna yamma. Ga wata can sama, fari-fari, ya ɗan fi rabi, rana kuma tana gabas tana haskawa. Da yawansu ba su taɓa sanin ana ganinsa da safe ba.

Na aika aka ɗauko farin ƙwallo ƙarami daga ajin. Na ba yarinyar da ta fi kowa tsayawa kan inuwar duniya, na ce ta juya wa rana baya-baya, ta miƙe hannu, ta ɗaga ƙwallon har ya zo dab da wata a idonta. Ta rufe ido ɗaya tana saitawa. Hasken rana ya kama gefe ɗaya na ƙwallon, ɗaya gefen ya yi duhu, kuma layin da ya raba su ya karkata daidai yadda na wata ya karkata, siffa ɗaya, ɓangare ɗaya. Ta daɗe tana duban wannan tana duban wancan. Sai ta ce, "Malama, ai rana ce! Gefen da ke kallon rana shi ne farin." Ƙwallon ya bi hannu-hannu har aka kaɗa ƙararrawa. Da muka koma aji ita da kanta ta je ta soke amsarta a kwali.

Wani yaro bai sakar mana ba. Ya ce, "To Malama, in rana ce, da dare fa, bayan ta faɗi?" Tambaya ce mai kyau, na kuma gaya masa haka. Mu ta faɗar wa, domin duniya ta juya da mu. Shi wata yana can kimanin kilomita 384,000, jikin duniya bai kare shi ba. Gobe za mu rufe tagogi mu gwada da ƙwan fitila a tsakiyar ɗaki, kan kowane yaro ya zama duniya.

Alhamis, 23 ga Janairu

Yau muka auna rana da duniyoyinta a filin wasa. Zanen da ke littafin karatu yana jera su dab da juna, manya-manya, don su shiga shafi ɗaya, kuma wannan zanen ne ke zaune a kan kowa.

Muka ɗauki ƙwallon ƙafa, mai faɗin santimita 22, ya zama rana. A wannan ma'auni mita ɗaya na tsaye a madadin kilomita miliyan 6.3. Na ba su yumɓu na ce kowa ya murza duniyarmu yadda yake zaton girmanta. Mafi ƙanƙantar da aka kawo ta kai girman ƙwayar ido. Da na nuna musu ta gaskiya, milimita 2, kan fil, sai aka yi ca. Faɗin rana ya ninka na duniya sau 109.

Muka ja tef. Makyuri a mita 9, Zara a 17, duniya a kusan 24, da wata a gefenta, tazarar santimita 6 kacal, ƙanƙantarsa kuma sai da muka ɗiga shi da biro a kati. Mas a mita 36. Har nan suna jin muryar juna. Jufita kuwa, ƙwallon yumɓu mai faɗin santimita 2 da ɗan kai, sai a mita 123, dab da katanga. Zuhal tana mita 226, ta fita daga makaranta. Neftun ta wuce mita 700. Yarinyar da ta rubuta karo ta tsaya a kan duniya, ta dubi mai riƙe da Zara nan kusa, ta dubi bayan katanga inda Zuhal za ta kasance, ba ta nemi ƙarin bayani ba.

Sai tafiyar haske. Yana cin kilomita 300,000 a daƙiƙa, wanda a filinmu bai kai santimita 5 ba. Na sa wani yaro mai ƙiriniya ya zama hasken rana: ya taso daga ƙwallon zuwa kan fil, amma sai ya ɗauki minti 8 da daƙiƙa 20. Ya riƙa jan ƙafa kaɗan-kaɗan, 'yan ajin na riƙe da agogo suna yi masa tsawa in ya yi sauri. Abin da ya fi komai gudu ke nan, ga shi yana rarrafe. A ganina babu darasin da ya shige su a wannan zango kamar wannan minti takwas ɗin.

Ana tattara kaya wani ya tambayi ina za a ajiye tauraro mafi kusa. Haskensa shekara 4 da 'yan watanni yake yi kafin ya iso, a ma'auninmu kuma sai an yi tafiyar fiye da kilomita 6,000 da shi.

Litinin, 27 ga Janairu

Mai madubin ya zo. Malamin kimiyya ne da ya yi ritaya, yara na ce masa Baba. Na'urar doguwar ganga ce a kan akwatin katako, da madubi mai faɗin santimita 20 a ƙasanta. Ya bayyana musu cewa babban aikinta tara haske ne, ƙara girma na biye: ƙwayar idon mutum a duhu ba ta fi milimita 7 ba, madubin nan kuwa yana tara kusan ninki 800 na abin da ido ke tarawa.

Na roƙe shi ya zo da rana don su koyi leƙawa. Ba abu ne mai sauƙi ba ga wanda bai taɓa yi ba. Yaro zai kama gangar da hannu ya ture ta, ko ya manna ido har ya ga baƙi, ko ya ce ya gani alhali bai ga komai ba don kunyar layin da ke bayansa. Baba ya saita ta kan wata eriya mai nisa, kowa ya zo hannu a baya, ya rufe ido ɗaya da tafin hannu in ya ga dama, ya faɗi abin da ya gani kafin ya matsa. Eriyar ta fito a kife, aka sha dariya, aka kuma wuce wannan mamakin tun yanzu.

Kafin ya buɗe murfin ya tsayar da su ya yi magana da kakkausar murya: ba a duban rana da wannan, ko da abin hangen nesa na hannu, ko da ido tsirara. Baƙin tabarau ba ya karewa, gilashin da aka shafa wa hayaƙi ba ya karewa. Ƙunar da take yi a cikin ido ba ta da zafi lokacin da take faruwa, kuma tana iya zama ta har abada. Na sa sun maimaita.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Wata ya dawo. Daren Asabar jinjirin ya tsaya kusa da Zara, da yawa kuma sun zana har da sauran jikinsa, toka-toka a cikin ƙahonnin. Hasken rana ne da ya bugi duniyarmu, ya koma kan wata, ya sake dawo mana. Leonardo da Vinci, mai zane kuma masani ɗan Italiya, ya bayyana haka tun farkon ƙarni na 16.

Hazo ya taso tun jiya, hankalina bai kwanta ba. Mun ajiye Alhamis a madadi. An kasa yara gida huɗu: babban madubi, abin hangen nesa na hannu da aka ɗaure a kan ƙafa uku, tabarmar kallo da ido, da teburin zane. Na duba Stellarium, manhajar da ke nuna taswirar sama, na fitar da jerin abin da za a fara da shi. Takardun amincewa uku ba su dawo ba.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Mun je jiya. Hazon ya yi sauƙi tun da azahar, takardun ukun kuma sun iso da safe.

Mun isa rana na kan faɗuwa, rabin wata na sama, yaran suka gaishe shi kamar wanda suka sani. Aka shiga gasar wa zai fara hango Zara, wata yarinya ta cinye tun sama na da sauran shuɗi.

Da Zuhal muka fara, don tana gab da sauka. Nan aka ɗan yi sanyin gwiwa. Sun zo da hoton manyan zobban da ke kewaye da ita a kai, abin da suka gani kuwa ƙaramin ƙwallo ne rawaya-rawaya da siririn layi ya ratsa shi. Baba bai yi musu kwaskwarima ba. Ya ce zobban na nan, ta gefe muke kallonsu, kamar faifai in an juyo maka bakinsa. Faɗinsu ya kai kilomita 270,000, kaurinsu kuwa a wurare da yawa bai fi mita 10 ba. Ranar 23 ga Maris za su daidaita da mu sosai har su ɓace wa madubi, abin da ke faruwa sau ɗaya a shekara 13 zuwa 15. Ya ce musu, "Ku dawo kuna sakandare, za ku same su a buɗe." Na so wannan amsa. Yaro ya san sama ba ta tsaya yadda aka ɗauke ta a hoto ba.

Zara ce ta tayar da gardama. Yaron farko ya leƙa ya ɗago ya ce, "Baba, ai wata ka saita." Baba ya ce ya ja baya ya bi gangar da ido ya ga inda ta nufa. Ya duba: tana kallon yamma, wata kuma yana can sama, wani wuri daban. Ya sake leƙawa. Ƙaramin jinjiri ne mai kauri, fari tas. Kafin wani babba ya buɗe baki, yarinyar ƙwallo ta ce daga cikin layi, "Ita ma gefen rana ne farin." Galileyo, masanin taurari ɗan Italiya, ya ga haka a 1610, kuma sauyin siffofin nan ne ya nuna masa cewa rana Zara take kewayawa.

A kan wata muka fi daɗewa, kuma na bar layin ya zagayo sau biyu. Baba ya saita kan iyakar haske da duhu. Ramuka a jere, bakinsu na ƙyalli, cikinsu baƙi ƙirin. Tsaunukan Afenin na wata, waɗanda wasunsu suka kai kilomita 5, sun jefa inuwa mai tsini. Wani yaro mai shiru-shiru ya ƙi matsawa. Ya ce, "Malama, akwai ɗigo-ɗigon haske a cikin duhun, ba su haɗe da sauran ba." Na ce me yake zato. Ya yi jim, ido na manne, sannan ya ce ko kan duwatsu ne da rana ta fara taɓawa kafin ta iso ƙasa. Haka ne kuwa. Gari ne ke wayewa a can, yana kallo.

Baba ya nuna musu wani babban rami da aka sa wa sunan Al-Battani, masanin da ya yi aikinsa a Raƙƙa ta ƙasar Siriya ya rasu a 929, wanda ya auna tsawon shekara bai kuskure da fiye da minti biyu da 'yan daƙiƙu ba, babu madubi. Kusa da shi akwai na Az-Zarƙali, mutumin Andalus na ƙarni na 11. Aka tambayi tutar da 'yan sama-jannati suka kafa a wata, kamar yadda na zata. Ya nuna musu baƙin filin da kumbon Apollo 11 ya sauka a ranar 20 ga Yuli, 1969, ya ce ko da yake teku ake ce masa, ba ruwa ba ne, narkakken dutse ne da ya malala ya daskare, kuma abin da madubinsa zai iya rarrabewa a can sai ya kai kilomita ɗaya ko biyu.

Jufita ta fito da ɗamara biyu masu duhu da watanninta a jere kamar ɗigo. Kowa ya zana inda ya gan su. Galileyo ya fara ganinsu a Janairun 1610, mafi kusa da ita a cikinsu kuma, Iyo, awa 42 yake yi ya zagayo. Mas ƙaramin ɗigo ce ja-ja, ba mu tsaya ba.

A tabarma ba ni da abin yi sai sauraro. Sun gano rukunin taurarin Oriyon da taurarin ɗamararsa uku, sun lura da kansu cewa a cikin manyan taurarinsa Betaljus ja ne, Rijal fari mai shuɗi. Duk suka ce jan ya fi zafi. Akasin haka ne: Betaljus kimanin digiri 3,500, Rijal sama da 11,000. Sun ga taurari na ƙyaftawa, Jufita kuwa haskenta a tsaye yake. Na nuna musu Shi'ira, wanda ya fi kowane tauraro haske da dare, na ce hasken da ke shiga idonsu shekara 8 da rabi da ɗoriya ya yi a hanya. Nan take aka shiga lissafi, wannan na cewa yana goye a lokacin, wancan na cewa ya fara tafiya. Wani tauraron ɗan'adam ya ratsa a hankali, iyayen ma suka miƙe.

Mun ƙirga, mun cika, mun dawo kan lokaci.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Abubuwan da suka biyo baya.

A tabarma na lura da wani yaro da ya ce Kaza da 'Ya'yanta gajimare ne kawai, alhali na kusa da shi na ƙirga biyar, shida. Da aka ba shi abin hangen nesa aka daidaita masa, ya ga taurari rututu ya yi ta murna. A aji a gaba yake zama, shi ya sa abin bai fito ba. Na yi magana da mahaifiyarsa, za a kai shi a duba idonsa.

Baba ya sake duban Jufita daren Juma'a ya aiko da zanensa. Na manna shi kusa da nasu na Laraba, ɗigon sun sauya wuri, na bar su suna musu kan wanne ne ya koma ina.

Abin da ba mu samu ba shi ne duhu. Hasken wata ya shafe taurari masu rauni, gajimaren Oriyon ya fito dishi-dishi, Andiromeda kuwa, wani gagarumin tarin taurari mai nisa, wadda Abdurrahman As-Sufi ya siffanta da ƙaramin girgije a 964, ba mu same ta ba sam. Na san haka za ta kasance tun da muka zaɓi rabin wata. Na rubuta wa shugaba neman fita ta biyu ranar Talata, 25 ga wata, lokacin da wata ba ya fitowa sai gab da asuba. Bai amsa ba tukuna, maganar mota ce. 'Yan aji huɗu ma sun aiko wakilai.

Littattafan ba a rufe su ba, yaran ne suka ƙi. Na ƙara musu Zara: su riƙa auna tsayinta da dunƙule a lokaci ɗaya bayan faɗuwar rana. Za ta yi ta sauka har ta ɓace a cikin Maris, ban kuma gaya musu inda za ta ɓullo ba.

Yau da safe yara uku suka tare ni a ƙofar aji da littafi a buɗe. Jiya wata ya koma dab da Mas, kamar daren 13 ga Janairu. Sun ƙirga, kwana 27 ne. Amma wancan karon a cike yake, jiya kuwa da saura, sai jibi zai cika. Suna so su san ina sauran kwanakin suka shiga. Amsar tana cikin tafiyar da duniya kanta ta yi a kewayen rana cikin wannan wata, wadda ke sa wata ya ƙara gaba kafin ya sake fuskantar rana: kwana 27.3 ya koma wurinsa cikin taurari, 29.5 ya koma siffarsa. Ranar Alhamis za mu zana babbar da'ira da alli a tsakar makaranta, ɗaya ya zama rana, ɗaya duniya, ɗaya wata, su taka ta da ƙafa. Ina buƙatar igiya mai tsawon mita 10 da alli mai launi, kuma sai na roƙi malamin wasanni ya bar mana filin a darasi na uku.